Yadda ake fassara kalmar "leave" zuwa Faransanci: bi ta Hausa tukuna

Duk mai harkar kaya tsakanin Legas da Kwatano, ko mai taya wani Alhaji a Agege ko Alaba Rago rubuta saƙo zuwa ga abokin cinikinsa na Lome ko Yamai, ya san yawancin takardun da Turanci ake fara rubuta su: takardar kaya, saƙon direba a WhatsApp, wasiƙar neman hutu, sanarwar ofis. Da wuya ka karanta layi biyar a ciki ba ka ci karo da *leave* ko *left* ba. Ka buɗe ƙamus, ya jero maka *partir, quitter, laisser, sortir, s'en aller*, ya yi shiru. Wanda bai sani ba sai ya ɗauki na farko ya wuce, can kuma a Kwatano a karanta wani abu dabam.

Bahaushe yana da wata riba a nan wadda yawanci ba ya lura da ita. Abin da Turanci ya cusa cikin kalma ɗaya, Hausa ta riga ta rarrabe shi: tafi, tashi, fita, bari, ƙyale, manta, saura. Rabon nan kuwa ya yi kusa ƙwarai da yadda Faransanci ya yi nasa. Don haka kada ka tsallaka daga Turanci kai tsaye. Ka yada zango a Hausa, daga can ka ƙarasa.

Mataki na farko: ka tabbata aikatau ce

Kafin komai, duba ko kalmar aiki ce ma take nunawa. *Left* tana iya zama hagu: *turn left at the roundabout* shi ne *tournez à gauche au rond-point*. *Leaves* tana iya zama ganye, *feuilles*. Sannan *leave* ita kanta tana zama suna, wato hutun aiki, Faransancinta *congé*. *He is on leave* shi ne *il est en congé*. Hutun shekara *congé annuel*, na rashin lafiya *congé de maladie*, na haihuwa *congé de maternité*. Manhajar fassara ta waya ta fi yin tuntuɓe a nan idan jimlar gajera ce, musamman irin saƙon direba da ba aya ba waƙafi.

Mataki na biyu: faɗi jimlar da Hausa, da bakinka

Karanta jimlar gaba ɗaya, ka ɗaga kai daga takardar, ka faɗe ta yadda za ka gaya wa maƙwabcinka a rumfa. Kada ka bi kalma-kalma. Aikatau ɗin da ya fito daga bakinka shi zai nuna maka hanya. Idan "tafi" ko "tashi" ka ce, *partir* ne. Idan "fita" ka ce, *sortir*. Idan "manta" ka ce, *oublier*. Idan "saura" ko "rage" ka ce, *rester*. Idan kuma "bar" ka ce, to ba ka gama ba, domin "bar" ta Hausa goyon biyu take yi, *quitter* da *laisser*, sai an sake yi mata tambaya.

Ga inda wannan mataki yake ceton dukiya. Dubi jimlolin nan biyu: *the truck left Cotonou* da *the truck left for Cotonou*. Kalma ɗaya ƙarama ta raba su, amma ta farko tana cewa mota ta bar Kwatano, tana hanyar dawowa, ta biyu kuma mota ta tafi Kwatano. Mai sauri yakan ga *left* ya ce "tafi", ya ga *Cotonou* ya liƙa, ya samu "ta tafi Kwatano" alhali motar baro garin ta yi. Sai a tura yara su jira kaya a can, mota kuwa tana layi a Seme, kan iyakar Benin da Najeriya, ta fuskanto Badagry. Haka ma *forty bags are left* da *forty bags have left*: na farko buhu arba'in suka rage a sito, na biyu buhu arba'in sun kama hanya.

Mataki na uku: idan "tafi" ko "tashi" ce

*Partir* aikatau ce ƙi-karɓau, wato marar karɓau (sunan da aiki ke faɗawa a kai), kamar "tafi". Ba ta ɗaukar suna a gabanta haka kawai. Ko dai ta tsaya ita kaɗai, *il est parti*, ya tafi, ko kuma a sa mata ƙaramar kalma da za ta nuna daga ina ko zuwa ina.

Daga ina, *de* ne, kuma yana sauya kama gwargwadon sunan da ya biyo: *partir de Lagos, partir d'Apapa, partir du Nigeria, partir de la gare*. Zuwa ina kuwa, mafi sauƙi kuma mafi aminci *pour*: *partir pour Cotonou, partir pour le Niger*. Mutane a magana sun fi cewa *partir à Cotonou*, ba laifi, amma in ka zaɓi wannan hanya sai ka san jinsin ƙasa. Gari *à* yake ɗauka. Ƙasar da sunanta namiji ne *au*: *au Bénin, au Togo, au Niger, au Tchad, au Cameroun*. Wadda sunanta mace ne *en*: *en France, en Guinée, en Côte d'Ivoire*. Tarkon Bahaushe a nan shi ne Hausa ba ta bukatar komai tsakanin "tafi" da gari. Muna cewa "ya tafi Kwatano", sai hannu ya rubuta *il est parti Cotonou*. Wannan karyayye ne, kuma mai karatu ba zai san zuwa aka yi ko tahowa ba.

Tashin mota, jirgin ƙasa da jirgin sama duk *partir* ne: *le car part à 6 h*. Lura da cewa lokacin yanzu aka sa, ko da gobe ne tashin, kamar yadda muke cewa "mota tana tashi ƙarfe shida". Idan ana nufin ainihin ɗagawar jirgin sama daga ƙasa, *décoller* ce. Abu biyu kan ɓata irin wannan jimla bayan an dace da aikatau. Na farko agogo: Faransanci a rubuce awa 24 yake lissafi, ba ya amfani da *am* da *pm*, don haka shida na yamma *18 h* ne, shida da rabi na safe *6 h 30*. Benin da Nijar agogonsu ɗaya da na Legas, amma Togo da Kodebuwa suna baya da awa guda, saboda haka in saƙon Lome zai je ka ƙara *heure de Lagos*. Na biyu rana: *je pars vendredi* ran Juma'ar nan zan tafi, *je pars le vendredi* kuwa duk Juma'a nake tafiya. Ba a fassara *on* ɗin da ke cikin *on Friday*, zubar da shi ake yi.

Akwai wata "tashi" da ba *partir* ba. *They have left that house* in ana nufin sun tashi daga gidan da kayansu, *ils ont déménagé* ne. Tashi daga aiki kuma, *I leave work at five*, a takarda ka rubuta *je quitte le bureau à 17 h*. A Kwatano da Yamai za ka ji ana cewa *je descends à 17 h*, wannan Faransancin yankinmu ne, kowa a can ya gane shi, amma Bafaranshe zai ɗauka daga bene za ka sauko.

*S'en aller* 'yar'uwar *partir* ce, ta baki: *je m'en vais*, ni na tafi. Ba a cika sa ta a wasiƙar ciniki ba. Umarninta kora ce, *va-t'en*, tafi ka ba ni wuri, don haka kada ka fassara *you may leave now* da ita. Ka ce *vous pouvez partir*.

Mataki na huɗu: idan "fita" ce

*Sortir* tana bukatar wuri mai ciki da waje: ɗaki, shago, ofis, masallaci, asibiti, tashar jiragen ruwa. Ita ma da *de* take tafiya: *sortir du magasin, sortir de la mosquée*. Bambancinta da *partir* shi ne bambancin "Alhaji ya fita" da "Alhaji ya tafi". Wanda ya fita ana sa ran yanzu zai dawo. Idan baƙo ya bugo daga Kwatano yana neman maigida, kuma maigida ya leƙa banki ne, ka ce *il est sorti*. In ka ce *il est parti*, mutumin zai ɗauka an rufe na yau, ko ma an yi tafiya, ba zai sake kira ba.

*She left the hospital on Monday* in sallama aka yi mata, *elle est sortie de l'hôpital lundi*. *The container has left the port*, kwantena ta fito, *le conteneur est sorti du port*. Jirgin ruwa kuwa da ya ɗaga daga Apapa ko Tin Can, *le navire a quitté le port*.

Mataki na biyar: idan "bar" ce, wa ya motsa, me aka bari?

Nan ne aikin yake. Muna cewa "ya bar Legas", muna kuma cewa "ya bar mota a Legas". Kalma ɗaya ce a bakinmu, amma a Faransanci ba su haɗa hanya ba. Tambayar da za ka yi ita ce: maganar a kan rabuwa take, ko a kan abin da aka ajiye a baya?

In rabuwa ce da wuri, ko mutum, ko aiki, *quitter* ce. *Il a quitté Lagos*, ya bar Legas. *Elle a quitté son mari*, ta bar mijinta. *Il a quitté son poste*, ya bar aikinsa, in kuma murabus ya rubuta da kansa, *il a démissionné* ya fi fayyacewa. *Quitter* so-karɓau ce, kuma ƙa'idodinta biyu Hausa ta riga ta koya maka su. Ba ka cewa "ya bar daga Legas", to haka ba a cewa *il a quitté de Lagos*. Ba ka kuma cewa "direba ya bar" ka yi shiru, dole a ji me ya bari, to haka *le chauffeur a quitté* jimla ce mai gutsure. Gaskiya ne za ka ji ta a tasha a Kwatano, ka kuma ji an daka wa yaro tsawa *quitte là*, kuma ba wanda zai ce bai gane ba. Amma a rubutu, malamin Faransanci ko a Alliance Française ta Ikoyi ko a Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, jan biro zai zana maka. In babu karɓau, koma *partir*. Wuri guda da kowa ya yarda *quitter* ta tsaya ita kaɗai shi ne a waya: *ne quittez pas*, kada ka ajiye, dakata a layi.

Akwai jimla ɗaya da ya kamata a yi taka-tsantsan da ita. Kamfani yana sanar da abokan hulɗa cewa manaja ya sauya wurin aiki, aka rubuta *our manager has left us*. Fassarar kalma-kalma ita ce *notre directeur nous a quittés*, nahawunta daidai, amma a kunnen mai jin Faransanci wannan sanarwar rasuwa ce, daidai da "ya riga mu gidan gaskiya". Gobe sai ka ga saƙonnin ta'aziyya suna shigowa. Ka ambaci wurin: *notre directeur a quitté la société*.

In kuma maganar a kan abin da ya tsaya a baya ce, abu ko mutum, da wurin da aka bar shi ko halin da aka bar shi, *laisser* ce. *Il a laissé la voiture à Lagos. Laissez un message. J'ai laissé les enfants chez ma sœur.* Gwada wannan: in za ka iya sa "ajiye" ko "ƙyale" a madadin "bar" jimlar ba ta lalace ba, *laisser* ce. Za ka iya ajiye mota a Legas, ba za ka iya ajiye Legas ba. Kwatanta *il a quitté sa femme* da *il a laissé sa femme au village*. Na farko aure ya mutu. Na biyu ɗan ci-rani ne kawai, iyalinsa suna gida, zai koma da damina.

*Laisser* tana da rassa da yawa da suka yi daidai da namu. Barin abu cikin wani hali: *laisse la porte ouverte*, bar ƙofa a buɗe, sifar kuma tana bin jinsin sunan, shi ya sa *ouverte* ta samu *e*. Barin mutum ya yi abu: *laissez-le passer*, ku bar shi ya wuce, daga nan sunan takardar nan *laissez-passer* da direbobin kan iyaka suka sani ya fito. *Leave me alone* in "ƙyale ni" ake nufi, *laisse-moi tranquille* ne. *Laisse-moi seul* bar ni ni kaɗai ne, kamar mai son keɓewa. *Leave it to me*, bar mini wannan, *je m'en occupe* ko *laissez-moi faire*. Turancin titin Legas kuma yana da nasa: *leave that matter*, bar zancen nan, shi ne *laisse tomber*.

A ciniki ma tafiyarsu ɗaya. "Bar mini shi a dubu biyar" da ake mayarwa *leave it for me at five thousand* yana da ɗan'uwa na asali a Faransanci: mai saye ya ce *laissez-le-moi à 5 000*, mai sayarwa ya amsa *je vous le laisse à 6 000*. In ya kafe, *c'est à prendre ou à laisser*, ka saya ko ka bari. Kullum ka rubuta kuɗin da ake nufi, *nairas* ko *francs CFA*, domin dubu biyar na naira da jaka biyar na sefa ba abu ɗaya ba ne. Faransanci kuma fili yake bari tsakanin dubbai, *5 000*, waƙafi a wajensa alamar ɗigo ce, don haka *5,000* da ka kwafo daga Turanci ana iya karanta shi biyar.

Ka lura da *laisse* da *laissez*. Na farko na yaronka ne ko abokinka, wanda kake ce wa *tu*. Abokin ciniki, jami'in kwastan, dattijo, duk wanda za ka ce wa "ku" ko "ranka ya daɗe", *vous* ne, saboda haka *laissez*. Turanci ba ya nuna wannan, kai za ka yanke hukunci, kuma in ka zaɓi ɗaya ka riƙe shi har ƙarshen saƙon.

Mataki na shida: wuraren da babu ko ɗaya daga cikin huɗun

*He left his phone in the taxi.* Ba wanda ke ajiye waya a tasi da gangan. Mantuwa ce, *il a oublié son téléphone dans le taxi*. *Laisser* ba kuskure ba ce a nan, amma tana barin ƙofa a buɗe ga zaton da niyya aka yi, kuma in takardar ƙorafi ce ko rahoton kayan da suka ɓata, wannan zato yana da tsada.

Saura kuwa *rester* ce, da ginin jimla na musamman: *il reste 40 sacs*, saura buhu 40. Wannan *il* ba kowa ba ne, kuma aikatau ba ta zama jam'i ko buhu dubu ne. Saura mini, *il me reste*. Saura kawai, *il ne reste que*. Kuskuren da aka fi gani shi ne *40 sacs sont laissés*, wanda ba ya nufin komai sai cewa wani ya yasar da su. Kada kuma kamannin *rester* da *rest* na Turanci ya ruɗe ka, hutawa *se reposer* ce.

Sai waɗanda *laisser* za ta iya ɗauka amma akwai kalmar da ta fi ta kaifi. Kai abu wani wuri a ajiye, *leave the parcel at the reception*, *déposez le colis à la réception*. Danƙa kuɗi ko takarda a hannun wani, *remettre à*. Ba da amana, kamar makullin shago ko yara, *confier à*. Barin gado a wasiyya, *léguer*. Yaron da ya bar makaranta bai gama ba, *il a abandonné ses études*. *Leave out*, tsallake suna ko lamba a jerin kaya, *omettre*, ko *oublier* in ba da gangan ba ne.

Mataki na bakwai: ɗaura ta a lokaci

Yawancin saƙonnin nan a shuɗaɗɗen lokaci suke, kuma Faransanci yana gina shi da mataimaki, ko *être* ko *avoir*. *Partir, sortir* da *rester* suna tafiya da *être*. *Quitter, laisser, oublier* da *déposer* suna tafiya da *avoir*. *J'ai parti* kuskure ne da ake ganewa daga nesa, daidai shi ne *je suis parti*.

Duk inda aka sa *être*, ƙarshen aikatau yana bin mai aikin: *le camion est parti, la marchandise est partie, les camions sont partis, les femmes sont parties*. A baki duk ɗaya ake furta su, a rubutu ne suke bambanta. Hausa tana raba "ya" da "ta" amma "na tafi" ɗaya ce ga kowa. Faransanci ba haka ba: in Hajiya ce ka rubuta wa saƙon da sunanta, *je suis partie* za ka sa.

*Sortir* tana sauya mataimaki in ta ɗauki karɓau, kuma nan ma Hausa ta nuna hanya. "Ya fita" *il est sorti*, "ya fitar da kaya" *il a sorti les marchandises*. Da *avoir* ƙarshen ba ya sauyawa, sai in karɓau ya riga aikatau zuwa: *j'ai laissé les clés*, amma *les clés que j'ai laissées*. In wata aikatau ta biyo *laissé*, kamar *je les ai laissé passer*, gyaran rubutu na 1990 ya ba da damar a bar ta yadda take, ba ƙari.

Sai matsalar *quitté, quitter, quittez*, da *laissé, laisser, laissez*, waɗanda sautinsu ɗaya. Dabarar da ake koya wa yara ita ce ka musanya da *vendre*. In *vendu* ta zauna a gurbin, rubuta *é*. In *vendre* ta zauna, *er*. In *vendez* ce, *ez*. *Il va vendre*, saboda haka *il va laisser*. *Il a vendu*, saboda haka *il a laissé*.

A gwada a kan saƙo guda

Ga irin saƙon da dillali zai miƙo maka a waya ya ce a mayar wa mutumin kasuwar Dantokpa ta Kwatano:

*The driver left Mile 2 at 6am. He left two bags in the shop because there was no space. He left his phone in the office so call his boy. Only 40 bags are left. I will leave for Cotonou on Friday. Leave the balance with my brother.*

Sau shida kalmar ta fito. Da Hausa: direba ya tashi daga Mile 2 ƙarfe shida na safe. Ya bar buhu biyu a shago don ba wuri. Ya manta wayarsa a ofis, a kira yaron motarsa. Saura buhu 40 kawai. Zan tafi Kwatano ran Juma'a. A ba ɗan'uwana cikon kuɗin. Ka ga "bar" sau ɗaya tak ta fito, kuma "ajiye" tana shiga gurbinta. Sai Faransanci:

*Le chauffeur est parti de Mile 2 à 6 h. Il a laissé deux sacs au magasin faute de place. Il a oublié son téléphone au bureau, appelez donc son apprenti. Il ne reste que 40 sacs. Je pars pour Cotonou vendredi. Remettez le reliquat à mon frère.*

A jimlar farko *le chauffeur a quitté Mile 2 à 6 h* ma daidai ne, sai dai ka tuna *de* ya faɗi. Yaron mota a Faransancin yankin nan *apprenti* ne, in ka sa *son garçon* za a ɗauka ɗan cikinsa ake nufi. Cikon kuɗi *reliquat* ko *solde*, ba *balance* ba, wadda a Faransanci sikeli ce. "Ɗan'uwa" kuma yana da faɗi a wajenmu, don haka tunda kuɗi ne za su canja hannu, ka tambayi mai saƙon wane ɗan'uwan, ka sa sunansa da lambarsa bayan *mon frère*.

Kafin ka tura, rufe Turancin, ka karanta Faransancin kaɗai ka mayar wa mai saƙon da Hausa, jimla-jimla, yana ji. A kowace ka tsaya ka tambaye shi abu uku: wa ya motsa, ina ya nufa, me ya rage a baya. Jimla ta uku ce aka fi samun gyara a kanta, domin wani lokaci dillalin zai ce a'a, ai da gangan direban ya bar wayar tana caji. In haka ne, goge *oublié* ka mayar da *laissé*.